Rasuwar Gwaggo Mai Guntuwar Eriya

Da zuciya wadda baƙin ciki ya cika har baki, ni da maigidana da 'ya'yanmu muke sanar da 'yan uwa da maƙwabta da abokan arziki rasuwar tsohuwar rediyonmu, wadda kowa ya fi sani da Gwaggo. Rai ya yi halinsa ne ranar wata Talata da yamma, a kan ɗan teburinta da ke tsakanin kujerunmu na falo, bayan doguwar jinya. Ta rasu tana tsakiyar magana, kamar yadda ta rayu. Wani mutum ne a wata ƙasa mai nisa yake karanta labarai, ya kai inda ya ce "ana sa ran", sai ta yi ƙit ta ɗauke. Har yau ba mu san abin da ake sa ran ba.

Mun yi jinkirin fitar da wannan sanarwa, domin hannuna ya ƙi riƙe biro. Na kuma san akwai masu cewa tsohuwar nan ta fara ruɗewa, wa ya taɓa yin makokin akwatin roba da wayoyi. Su faɗa, bakinsu ne. Aikin ungozoma na yi har ƙarfina ya ƙare, ba sai an koya mini bambancin mai rai da marar rai ba. Amma wanda bai taɓa zama a falonmu da yamma ba bai san abin da aka ɗauke mana ba, kuma dominsa nake wannan rubutu.

Marigayiyar ta girmi 'ya'yanmu duka. Maigida ya saye ta tun yana sabon direban babbar mota, kafin ya san ni. Ta yi yawon duniya a gaban mota, ɗaure da roba a jikin kujera, ta sha zafin inji da girgizar hanya tana hana shi gyangyaɗi, sannan ta dawo gida ta zauna. Baƙa ce mai kauri, da mariƙin fata da ya tsinke aka ɗinke da zaren takalmi, da gilashi a goshinta mai jerin lambobi, da wata jar allura da ke tafiya a hankali idan an murɗa maɓalli. Yara ne suka laƙa mata Gwaggo, domin tun safe bakinta ba ya rufuwa, ta san labarin kowa, kuma ba ta jira a tambaye ta.

Halayenta na gari ba sa ƙirguwa. Ba ta da kwaɗayi: 'yan batira kaɗan su kai ta wata da watanni, idan sun yi sanyi a shanya su a rana a mayar mata, ta karɓa ba ƙorafi. Ɗauke wuta bai taɓa damunta ba. Ranar da unguwa ta yi tsit, talabijin ya rufe ido, firji ya kama zubar da ruwa a ƙasa, ita kaɗai ke kan aikinta. Ta taɓa faɗowa daga kan kabad. An kifar mata da kofin shayi a ka. Jikanmu ya cusa mata maɓallin riga ta ramin lasifika, wanda ya zauna a cikinta yana kaɗawa har ƙarshen rayuwarta. Duk da haka ba ta riƙe kowa a zuci ba. Aibinta ɗaya ne, kuma ba zan ɓoye shi don ta mutu ba: idan ana ƙwallo, sai ta bari an kai bakin raga sannan ta ɗauke murya, ta dawo bayan an gama ihu, ta bar maza a falo suna tambayar juna wa ya ci.

Muna tuna muryarta. Idan an kunna ta, takan fara da "ƙyas", sai wani dogon "shuuuu" kamar ana suya a gidan maƙwabta. Idan allura ta shiga gajeren zango sai ta kama "wiii, yuuu, wiii", harsunan da ba ma ji su leƙo su wuce, wata mace ta rera rabin baiti a tafi da ita, wani mutum ya yi faɗa da wani yare har ya gaji. Can sai "ɗit, ɗit, ɗiiit" na cikar awa, wanda da shi muke gyara agogon bango. Ban taɓa zaton zan yi kewar shuu ɗin nan ba, ni da na sha cewa yana sa mini ciwon kai.

Amma abin da ya zaunar da ni rubutu shi ne eriyarta. Shekaru masu yawa da suka wuce, ƙofar mota ta datse ta, ta karye, ta bar guntun da bai wuce tsawon yatsa ba. Daga ranar tashoshin gari kaɗai take kamawa, maigida kuwa na nesa yake so, waɗanda ya saba ji a kan hanya. Wata yamma ina goge teburin, na dafa guntun ba da niyya ba, sai ga murya ta fito tangaram. Na ɗauke hannu, ta koma shuu. Na mayar, ta dawo. Maigida ya ɗago ya dube ni ya ce, "To, tsaya nan." Na tsaya da tsumma a hannu har aka gama labarai. Washegari na jawo kujera.

Haka aikin ya rabu: shi ke neman tasha, ni ke riƙe eriya. Bayan wani lokaci ya zo da wani sabon ilimi, wai idan ya ɗora hannunsa a kan wuyan hannuna muryar tana ƙara fitowa, domin jiki biyu ya fi ɗaya jawo magana daga iska. Ban san gaskiyar wannan ba, ban kuma taɓa bincika ba.

Ga waɗanda ba su san maigidana ba, mutum ne da Allah bai ba shi magana mai zaƙi ba. Yakan yi wata guda a hanya, ya dawo ya ajiye jaka, gaisuwarsa ta farko ita ce, "An gyara famfon?" Ni ma ba kanwar lasa ba ce, bakina ya fi sabawa da faɗa. Mun yi rigima a kan makarantar yara, a kan rufin ɗaki, a kan danginsa, a kan dangina, har a kan wanda ya bar ƙofa a buɗe. Amma ko mun wuni kowa ya ɗaure fuska, da yamma ta yi sai in ji ya ce daga falo, "Za a fara." Ni kuma in rage wutar girki, in goge hannu, in zo in riƙe. Labarai ba sa jira sai an shirya. Ba wanda ya ba wani haƙuri, ba wanda ya dubi wani. Hannu dai na kan hannu har a gama, kuma da wuya mu tashi da fushin da muka zauna da shi.

Mai gyaran rediyo na bakin kasuwa ya sha yi masa tayi. Duk lokacin da muka kai ta a share mata ciki sai ya ce, "Haba Direba, bari in sa wa baiwar Allahn nan sabuwar eriya mana, yanzun nan zan gama." Maigida ya ce, "Bar ta haka." Mai gyara ya dube ni, ni kuma in dubi bango.

Shekarun baya hawan jini ya buge maigida. Ɓarin damansa ya shanye, maganarsa ta koma 'yan kalmomin da yake fitarwa da ƙyar, ɗaya bayan ɗaya. Mutumin da ya juya babbar mota a ƙaramin lungu da hannu ɗaya ya koma ba ya iya sa maɓallin rigarsa. Yanzu kullum ina taɓa shi: in ɗaga shi, in juya shi, in yi masa wanka, in goge masa baki. Ya tsani wannan taɓawar, kuma ba ya ɓoyewa. Idan na zo ɗaga shi sai ya kau da kai, idan ina yi masa wanka sai ya rufe ido har in gama. Ban ga laifinsa ba, amma yana yi mini ciwo.

Sai dai da yamma. Mun sauya kujeru domin hannunsa na hagu ya kai ga maɓalli. Yakan murɗa a hankali, harshensa a gefen baki, ya wuce tashar, ya dawo baya, ya tsaya daidai inda take, abin da har yau ni ban iya ba. Sannan ya saki maɓallin ya ɗora hannun a kan nawa. A wannan ɗan lokacin shi ba majinyaci ba ne, ni ba mai jinya ba ce. Ma'aikata biyu ne a bakin aiki, kowa ba ya yi sai da ɗan uwansa. Wannan shi ne aikin ƙarshe da marigayiyar ta riƙe a gidan nan, kuma ta riƙe shi da amana.

Ciwon ajalinta ya fara ne da disashewar murya. Daga nan ta koma sai an ɗan mare ta a gefe take farkawa, sai kuma ta fara wani wari kamar roba ta taɓa wuta. Na rungume ta a cikin gyale na kai wa mai gyara. Ya buɗe bayanta, ya haska da tocila, sannan ya nuna mini inda tsatsa ta cinye ta yi kore. Ya ce, "Mama, ba zan ɓoye miki ba. Kayan cikinta an daina yin su tun ina yaro. Ki kai ta gida ta ƙarasa cikin mutanenta." Ya liƙa abin da zai iya liƙawa, ya mayar da murfin a hankali. Ta ƙara 'yan kwanaki tana magana ƙasa-ƙasa, muna matsowa kusa don mu ji.

Ranar da ta cika, maigida ya murɗa hagu, ya murɗa dama, ya buga mata yatsa a ka, ya sake murɗawa. Allura tana tafiya, ba ko shuu. Ni ina riƙe da guntun eriya ban saki ba. Da ya tabbata, sai ya janye hannunsa ya ajiye a kan gwiwarsa, ya zuba wa bango ido. Na shiga kicin na yi kukana a gaban tukunya. Daga ranar, yamma na yi sai ya nuna mini ƙofar ɗaki a mayar da shi gado. Abinci ma ya koma sai ya taɓa ya ture.

Marigayiyar ta rasu ta bar maigida, wanda ya san ta kafin kowa, da ni, da 'ya'ya da jikokin da suka tashi da muryarta a kunne. Ta bar talabijin, ƙaninta na nesa, wanda bai taɓa ganin girmanta ba, da agogon bango da yanzu yake ƙaryarsa ba mai ƙaryata shi. Ta bar kuma sababbin batira a cikin durowa, waɗanda na saya ana gobe za ta cika, har yanzu ko ledarsu ban yage ba.

Game da wadda za ta gaje ta, ya kamata jama'a su ji daga bakinmu kafin su ji a waje. Autarmu ta zo daga garin da take aiki, ta ga yadda babanta ya koma, hankalinta ya tashi. Ta fara gwada masa wayarta, ta nemo masa tashar da yake so ta miƙa masa. Yatsansa ya zame a kan gilashin, ya buɗe wani abu daban, ya ture wayar. Sai ta ce, "Mama, yanzu akwai rediyon intanet. Da waifai, wato intanet ɗin gida marar igiya, take aiki, tasha dubbai, ba shuu ba komai. Tashoshin Baba za su fito kamar mai maganar yana zaune a falon nan." Na ce to. Ban gaya mata cewa wannan ne abin da nake tsoro ba.

Muka tafi shagon kayan wuta ni da ita. Mai shago ya jere mana su a kan kanta yana ta zuba. Ga wadda ake yi wa magana ta amsa. Na ce a gidana wanda zai yi mata maganar ba shi da ita, mai maganar kuma ba ta da niyyar hira da akwati. Ga wadda gabanta duk gilashi ne sai an shafa, ga mai rimot da maɓallai ƙanana kamar ƙwayar shinkafa. Auta tana ta tambayoyin masu hankali: tana da batir idan an ɗauke wuta, tana riƙe tashoshin da aka ajiye mata, ana iya karanta rubutun daga nesa, maɓallin murɗawar yana da girman da hannun hagu zai kama. Na bari ta gama, sannan na ce, "Wacce ce mai eriya?"

Mai shago ya yi dariya. "Mama, ai na intanet ba ruwansu da eriya. Wannan zamanin ya wuce."

Na ce, "Na ji. Wacce ce mai eriya?"

Ya duƙa can ƙasan kanta ya jawo wani kwali ya kaɗe shi. Wannan, in ji shi, tana yin biyun. Eriyar ta tashoshin gari ce kawai, ranar da intanet ya ɗauke. "Amma in dai ta intanet kike ji, ko cire ta kika yi kika jefar, duk ɗaya ne." Ta fi sauran nauyi, ta fi su muni, kuma da ya kunna ta gefe da gefe da wadda Auta take so, ko ni na ji sautinta bai kai na waccan ba. Auta ta matso ta ce a hankali, "Mama, waccan fa ta fi." Na ce, "Wannan." Ta buɗe baki za ta sake magana, sai ta tsaya ta dube ni. A falonmu ta girma, ta sha yin aikin makaranta a ƙasa kusa da ƙafafunmu. Ta ɗauki kwalin ta yi gaba.

A gida ta haɗa ta da waifai, ta ajiye tashoshin babanta, ta kama hannunsa ta nuna masa yadda zai murɗa ya danna. Muryar ta fito tas, har ana jin mai karanta labarai yana juya takarda. Ba abin da ya rage a yi mata, ba ta bukatar kowa. Na zauna da hannuwana a kan cinya kamar baƙuwa a gidana. Can dai na miƙa hannu, na tura eriyar ƙasa har ta gajarta, na riƙe kanta da yatsu biyu.

Maigida ya dubi eriyar, ya dube ni. Mutum ne da ya yi rayuwarsa da inji, yana jin ciwon mota tun kafin bakanike ya buɗe ta. Ya san eriyar nan ba ta aikin komai, ya kuma san na sani. Hannunsa bai bar kan gwiwarsa ba. Aka gama labarai, na saki, na je na zuba abinci. Washegari ma haka, da wanshekaren. Auta ta koma bakin aikinta tana share ido a bakin ƙofa. Ni kuwa kullum yamma ina zuwa in riƙe, hannuna ya yi tsami, ina jin kaina wawuya, ina jin haushinsa, ina jin haushin akwatin da ya iya komai.

Shekaranjiya da yamma ana cikin labarai, murya garau ba ko ƙura, sai na ga ya yamutsa fuska ya karkatar da kai kamar mai sauraron wani abu can ciki. Bakinsa ya yi ta motsi kafin kalmar ta fito. Ya ce, "Tana... shuu."

Na kasa kunne. Ba shuu ko na misali. Na ce, "Ni ma na ji. Tun ɗazu take yi."

Ya ɗago hannun a hankali ya ɗora a kan nawa. Ya rage nauyi, sosai, ƙasusuwan sun fito, kuma ni ba yarinya ba ce, na san abin da hakan ke nufi. Ban san yammaci nawa ya rage mana ba. Muka zauna har aka gama, ba wanda ya dubi wani. A ranar ya cinye abincinsa, ni kuma na samu ƙarfin ɗaukar biro.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Ranar Asabar da safe za a cire wa marigayiyar batiranta na ƙarshe don kada su zuba a cikinta, a goge ta da ɗanyen tsumma, a bi ramukan lasifika da tsohon buroshi. Mai gyara ya roƙi a ba shi lasifikar domin wani majinyacin da ke kwance a shagonsa, iyali sun amince, mun san ita ma ba za ta hana ba. Sauran jikin za a naɗe shi a cikin tsohuwar rigar sanyin da maigida yake tuƙi da ita, a kwantar a saman kabad ɗin ɗakinmu, inda zai iya hango ta daga gado. Babban ɗanmu ne zai hau kujera ya ɗora ta, domin ni gwiwoyina sun daina hawa.

Za a karɓi gaisuwa a falo daga hantsi har yamma, akwai shayi. Muna roƙon kada a kawo mana kyautar wata rediyo, kada kuma kowa ya zo ya nuna mana yadda ake jin tasha a waya, an riga an nuna mana. Roƙo na ƙarshe kuma ga masu ilimin zamani ne, musamman jikoki da surukai. Wanda ya zo daidai lokacin labarai ya tarar da ni riƙe da eriyar da ba ta aikin komai, maigida yana ƙorafin shuu ɗin da babu shi, don girman Allah ya nemi wuri ya zauna ya sha shayinsa. Kada ya yi mana gyara.